Shirun Gidan Mubashir

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, muna ji.

Mubashir ya zauna a gida ya rufe ido. Aikin kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, can ƙasar Larabawa, ya cinye shi, ko gishirin miya ba ya ji. Abokin aikinsa Nimal, mabiyin Buddha, shi ya ce masa, "Habibi, kashe wayar nan, ka bi numfashinka kawai."

Ya bi. Sai ya ji gidan shiru, kuma shirun ya yi yawa.

Ya kunna waya ya kira matarsa. "Ni'imatu, kina ina?"

"Kano mana, Malam. Yau kwana tara. Kai ka kai ni filin jirgi kana ta waya. Na ce ba zan dawo ba, ka ce to."

Ni'imatu tana Kano har yau. Nimal yana bakin aikinsa. Mubashir kuwa yana zaune, shi da numfashinsa.