Wa da Ƙane a Hanyar Dutse

Tunda ka rantse ba kai za ka fara yi wa ɗan'uwanka magana ba, to gyara zama ka ji.

An yi wasu wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka shekara da shekaru suna gaba a kan akuya. Akuyar ƙanen ce ta cinye wa wan shukar wake, aka yi cacar baki. Akuya ta tsufa ta mutu, gaba tana nan daram. Ana cikin haka aka aiko musu daga ƙauyensu na bayan duwatsu cewa tsohuwarsu tana kwance, tana neman su. Hanyar can ba ta mota ba ce, ko jaki ma sai ya ga dama. Hawa ne a kan tsakuwa mai zamewa, ga kwazazzabai a gefe, da damina kuwa gajimare kan sauko ya zauna a kan dutsen har mutum ya kasa ganin ƙafarsa. Shi ya sa mutanen wurin suke da al'ada: in gari ya rufe, na gaba ya riƙa kiran sunan na baya, na baya yana amsawa, har a fita.

Suka kama hawa, wan a gaba da sandarsa, ƙanen a baya da guzuri, ba mai ce wa wani uffan. Rana na tsaka gajimare ya lulluɓe su. Sunan ƙanen ya zo wa wan har bakin leɓe, ya haɗiye shi. Shi ne babba, kuma wakensa aka ci, don me zai fara? Can sai ya daina jin taku a bayansa. Ya tsaya, har ya ɗan koma baya yana buga sanda a kan dutse, wai ko a ji a amsa. Shiru. Sai zuciya ta ce masa ai halin yaron ne, laɓewa ya yi don a roƙe shi. Ya ja tsaki ya wuce. Da ya isa gida shi kaɗai, tsohuwa ba ta amsa gaisuwarsa ba, bakin ƙofa kawai take kallo.

Washegari da gari ya washe ya koma da maharban ƙauyen. A wani rami suka tsinci ƙanen, dab da hanya, inda ko tari mutum ya yi za a ji. Ƙugunsa ya karye, ruwa da sanyi sun galabaitar da shi. Wan ya durƙusa ya rungume shi yana kuka, yana tambayarsa me ya hana shi yin ihu. Ƙanen ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Na ji sandarka, Yaya. Jira nake ka kira ni." Bai kai gida da rai ba. Wan bai yarda kowa ya taya shi ba, shi ya goya gawar ya sauko da ita, yana ta yi mata hira kamar tana ji.

Duk sanda na tuna su raina yakan ɓaci, don ba dutse ne ya ci yaron nan ba. Hausawa suka ce girman kai rawanin tsiya.