Mai Kwarkwasa

Kyankyaso goma sha ɗaya ya zuba musu da safen nan, amma har ya gama shan shayinsa ba su cinye uku ba. A da, kafin ya mayar da murfi sai dai ƙafafu da fukafukai.

Wata biyar ke nan da ya kawo kwarkwasar nan gida cikin buhu, haɗe da ƙasarsu da ruɓaɓɓen ganye. A ƙarƙashin saiwar wata ƙatuwar bishiya da ke kwance ya same su, sun dunƙule baƙi ƙirin, sun lulluɓe uwarsu da jikinsu. Uwar ta kai tsawon yatsa, makauniya ce, ko jan jikinta ba ta iyawa. Ya daɗe tsaye a kansu yana kallon rana tana gasa su. Sannan ya ari shebur.

Wani tsohon akwatin gilashi ya samo, irin na jera kaya a shago, ya kafa shi a ɗakin ajiya. Ƙafafun teburin huɗu ya tsoma cikin gwangwanayen baƙin mai don kada su tsallaka, baƙin mai kuwa ba ya yanke masa. Safe da yamma yana yayyafa wa ƙasar ruwa. Hannuwansa sun daɗe suna karkarwa, don haka rabin ruwan a ƙasa yake ƙarewa.

Maƙwabta suka laƙa masa Mai Kwarkwasa. In sun kashe kyankyaso sai su ƙunshe a takarda su miƙo ta katanga, suna kwarma masa ta kunnen dama, don na hagu ya mutu tuni: "Ga kayan miya na amarenka!" Yakan karɓa har da godiya.

Matarsa ce ba ta ga abin dariya ba. Sau ɗaya man wani gwangwani ya bushe, kafin ta dawo daga kasuwa 'yan tsakinta bakwai sun zama ƙashi.

"Baban yara, don Allah ka mayar da su inda ka ɗebo su."

"Inda na ɗebo su yanzu ko akuya ba ta samun inuwa."

Ta dube shi, ta juya ta koma ciki.

A wata na biyar ne suka fara zagaye. Wasu kamar ɗari suka shiga bin juna a kusurwar akwatin, kowace hancinta a bayan 'yar'uwarta, ba tsayawa, ba ci. Ya sa tsinke ya watsa su, suka sake haɗuwa. Kullum da safe yana kwashe matattu da cokali. Uwar ta daina saka ƙwai.

Ranar Asabar wata malama mai binciken ƙwari ta yi sallama. A bakin mutane ta ji labarinsa. Ta durƙusa gaban gilashin kusan rabin awa, ta miƙe idanunta sun ciko.

"Malam, ban taɓa ganin wanda ya riƙe su wata biyar ba. Amma kwarkwasar kurmi ba ta zaman akwati. Mafarauta ne, in sun cinye nan sai su ɗauki uwarsu su yi gaba. Nan kuwa ina gaban yake?"

"To in ƙara musu akwati?"

"Ko goma ka jera. Inuwa suke so, da danshi, da tafiya." Ta share gilashin idonta. "Duk yankin nan an aske shi tas. Ban san wane irin mutum ne zai tsaya gaban bishiya mai shekara ɗari biyu ya kwantar da ita kafin azahar ba."

"Ɗari uku," ya ce a hankali. "Wadda na same su a gindinta ta kai ɗari uku."

"Ka gani? Kai ka san darajarsu." Ta ciro taswira ta shimfiɗa a kan buhun gawayi, ta dangwala yatsa a wani ɗan koren tabo. "Saura wannan kurmin na bayan rafi. Shi kaɗai. Ni zan kawo mota, mu kai su."

Bai dubi taswirar ba. Matarsa da ke bakin ƙofa ta sunkuyar da kai, ta koma wajen wankinta.

"Ba za su yi wata ɗaya a can ba, Malama."

"Sabo da su ne ke damunka, na gane. Amma a nan mako biyu ma da wuya." Ta rubuta lambarta a gefen taswirar, ta bar masa. A ƙofa ta juyo ta ce da za a samu irinsa goma, da kurmi bai ƙare ba.

Ranar Lahadi bai fita ba. Ya zauna a kan bokiti yana kallonsu suna zagaye. Sau biyu ya ɗauki waya, sau biyu ya ajiye. Matarsa ta kawo abinci, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta kawo.

"Ka ce musu a wurin aiki ba ka da lafiya mana," in ji ta.

"Sai su sa wani. Mu huɗu ne."

Litinin da sassafe ya kwashe matattu cokali shida. Ya jiƙa tsumma ya shimfiɗa a kan murfin, ya ƙara mai a gwangwanaye, ya roƙi matarsa ta yayyafa musu ruwa da rana. Ta ce to, ba ta ɗago ba.

Babbar mota ta yi oda a bakin layi. Ya ja ƙofar ɗakin, ya saɓa injin yankan bishiyarsa a kafaɗa. Shugaban aiki ya ce kurmin bayan rafi aikin mako uku ne, amma da gwani irinsa a gaba, biyu ma sun isa.