Fitilar Keken Mushe

Shekarar da yunwa ta kwashe mutanen Bambeye, mu bakwai munka rage a lakol. Ran nan da la'asar wani soja ya shigo aji da takarda, ya ce an rufe lakol, kowa ya tafi gida.

Mushe, malaminmu, ya riga ya kife kekensa bisa tebur. Ko kallon takardar bai yi ba.

"Sai na ƙare darasi," ya ce. Ya juyo wurina. "Ke, taho ki juya feda."

Rabona da abinci tun jiya, amma na kama. Ɗan dinamon da ke gogar taya ya fara ƙara, ƙaurin roba ya tashi, sai ga fitila ta kama.

Sojan ya matso. "Ina batir ɗin?"

"Babu," na ce. "Maganaɗisu ke juyawa cikin naɗin waya, shi ke kawo wuta. In na tsaya, ta mutu."

"To, tsaya."

Sai na ƙara ƙarfi.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya fita ya jira a bakin ƙofa har munka ƙare. Kashegari anka rufe lakol. Na tsufa yanzu, ban taɓa yin nadamar ƙin tsayawar nan ba.