Awarwaron Hajiya Tasalla

Tun da aka hana tsallaka babban titi da ƙafa, wani ƙaton maganaɗisu ke ƙetarar da mutane. Ka ɗaura ɗamarar ƙarfe, ya ɗaga ka sama, ya dire ka a bakin kasuwa. Akwai wata ɗamara da ta shekara manne a jikinsa, a ɗaure, ba kowa a ciki. Ba mai son kallonta.

Ran Laraba Hajiya Tasalla ta zo da mijinta, Alhaji Ɗanlami, za su gidan suna. Malam Sabi'u mai lissafin wurin ya sa ta hau sikeli.

"Hajiya, ban da ɗamara, akwai wani ƙarfe a jikinki? Sai na san yawansa zan san ƙarfin da zan saki."

Ta kaɗa awarwaro goma sha biyu. "Zinare ne zalla. Alhaji ya kawo min tsaraba."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Da kin cire su, saboda ɓarayi."

"Bar su, ranka ya daɗe," in ji Malam Sabi'u. "Maganaɗisu ba ruwansa da zinare."

Ya kunna. Hannayenta suka riga ta tashi. Haka ta yi ta lilo a saman titi, hannu biyu a sama kamar ɓarawon da aka ritsa, kasuwa na kallo. Ganin lissafi ya ɓaci, Malam Sabi'u ya yi maza ya dawo da ita.

Ta gyara mayafinta a tsanake, ta miƙa wa mijinta ɗamarar.

"Malam, auna Alhaji. Ka lissafa min ƙarfin da zai riƙe shi a tsakiya har la'asar."