Layin da ya fito a gindin fiffike

Kai da kake cewa abin da ido bai gani ba babu shi, saurari wannan. An yi wani matuƙin jirgin sama da ya sauka da hantsi bayan ya keto hadari, fasinjoji na jiran ya kwashe su ya juya. Sai injiniyar da ke duba lafiyar jirage ta ce a dakata. Na'urarta, wadda ake gogawa a jikin ƙarfe don jin abin da ke ɓoye, ta yi ƙara a gindin fiffike. Matuƙin ya zo ya shafa wurin, ya ji shi sumul kamar bayan faranti, ya ce ai ko ƙwarzane babu. Ba ta yi masa musu ba. Ta cire fentin, ta fesa wani ruwa mai ratsa kowace kafa, ta jira, ta goge. Sannan ta lulluɓe kanta da matuƙin da baƙin ƙyalle, ta kunna fitila mai shuɗin haske. Cikin duhun nan sai ga wani koren layi, siriri kamar gashi, ya taso daga ramin ƙusa ya miƙe. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfe ma yana gajiya. Duk tashi da sauka, tsagar nan ƙaruwa take yi."

Ya tuna yadda fiffiken nan ya dinga lanƙwasa cikin iska ɗazu, mutane na salati a bayansa, shi kuwa yana ce musu su kwantar da hankali, ba komai. Ya tambaye ta ko fiffiken zai kai su ya dawo. Ta ce mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma ya balle kafin su wuce gajimare. Ba wanda ya sani. Matuƙin ya je ya shaida wa fasinjoji ba zai tashi ba. Suka yi masa caa. Wani da zai rasa jana'izar yayansa ya kira shi matsoraci. Da aka kwance ƙarfen, aka tarar tsagar ta ci fiye da rabinsa ta ciki.

Ka ga gaskiyar masu iya magana da suka ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.