Katin da Aka Aika wa Yaya a Mota

Ajiye takardun katin bikin nan tukuna, ka ishe ni da wace ta fi kauri, wace ta fi sheƙi. Zauna in ba ka misalin wani mutum, ka ji abin da zaɓen takarda ya jawo masa.

Ɗan kasuwa ne a birni, Allah ya buɗa masa, ya tashi aurar da 'yarsa ta fari. Tun yana ƙarami iyayensa suka rasu, yayarsa ce ta raine shi, tana sayar da daddawa har ya zama mutum. Tana can ƙauye, kuma duk duniya ita kaɗai ke kiransa Auta. To, da biki ya matso sai ya tare a shagon mai buga kati. Yau ya shafa wannan takarda ya ce ta cika laushi, gobe ya ɗaga waccan a rana ya ce farinta bai fita ba, har mai shagon ya fara ɓuya in ya hango motarsa. Daga ƙarshe ya zaɓi iri biyu. Ɗaya mai kauri, da adon ruwan zinare a gefe, har turare aka fesa mata. Wannan ta manyan gari ce, kuma da ƙafarsa ya bi su gida-gida, ana ce masa maigida yana barci, yana zaune a zaure yana jira. Ɗayar kuwa 'yar shara-shara, in ka ɗaga kana ganin yatsunka ta baya, ita ce ta dangi. Wai ai su na gida ne, ba sai an yi musu ƙawa ba. Ya ɗaure da roba, ya ba direban motar kasuwa a tasha, ya ce a miƙa wa Yaya ta rarraba. Kaico! Matar da ta daɗe tana tara wa yarinyar nan kwanoni a ƙarƙashin gado, tana jiran ranar da ƙaninta zai shigo da goro ya durƙusa ya ce mata 'yarki za ta yi aure. Ta karɓa, ta sa aka karanta mata, ta rarraba yadda aka ce.

Ranar ɗaurin aure yawancin manyan nan wakilai suka aiko. Waɗanda suka zo kuwa suka yi fifita da katin mai kauri, ana shafa fatiha suka bar shi a kan kujeru. Da aka tashi kai amarya, aka nemi gwaggon da za ta riƙe hannunta, ta yi mata faɗa, ta damƙa ta ga dangin miji, babu ita. Yarinya na kuka tana ina Gwaggo, uban yana tsaye yana kallo. Bayan an watse ya kama hanyar da ya kamata ya bi tun farko, hanyar da ko wuni ba ta ci. Yaya ta fito da fara'arta, ba faɗa, ba gori. Ta shimfiɗa masa sabuwar tabarmar da take ajiye wa baƙi, ta kawo ruwa, ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. An yi taro lafiya?" Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Da zai tafi ta sa aka loda masa kwanonin amarya a mota, ya ga ta soka nata katin a tsakanin biyu na sama don kada su goge juna. Ya sha komawa bayan nan da buhunan shinkafa da atamfofi, tana karɓa tana godiya irin ta baƙo. Har ta koma ga Allah bai ƙara jin Auta a bakinta ba, kuma yau ba wanda ya rage da zai kira shi haka. In ya tuna sai ka ga ya sunkuyar da kai yana share ido.

Saboda haka ɗauki wadda ka ga dama a cikin takardun nan, ba ruwana. Amma gobe ka sayi goro ka tafi wajen kawunka da kanka, kada in ji ka aika. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.