Farantin Yaya

Kilo casa'in da rabi. Tulu ya sauka daga kan sikeli, ya cire agogo, ya sake hawa. Allurar ba ta ji kunyarsa ba, tana nan inda take.

Tun wata huɗu da suka wuce likita ya yanke masa magana: ranar Talata za a auna shi, in ya haura casa'in ko da ƙiris ne, sai a ɗage aikin tiyata wata shida. Wata shida kuwa, shi da likitan sun san ba lallai ne a kai ba.

Ga shi yau Lahadi, ranar da dangi ke haɗuwa gidan Yaya, babbar yayarsa, cin abincin hutun ƙarshen shekara.

Tulu direban babbar mota ne, mutumin da a da tumbinsa ke gogar sitiyari. Kilo goma sha huɗu ya zubar da ƙyar da jiɓin goshi. Ya bar lemon kwalba, ya bar shayi mai sukari cokali huɗu, duk inda ya faka mota sai ya zagaya ta sau talatin, abokan aiki suna cewa ko taya ya ɓatar. Duk wannan bai ba shi tsoro ba. Yaya yake tsoro.

Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, ita ta laƙaba masa Tulu, kuma a wurinta da ludayi ake auna ƙauna. Matarsa ta roƙe shi ya ce tafiya ta kama shi. Ya ce shekara ashirin bai taɓa fashin wannan rana ba, in ya fasa yau Yaya sai ta tono dalili. Dalilin kuwa ya rantse ba zai fita daga bakinsa ba sai sikeli ya yarda.

Ƙamshi ne ya tare shi tun daga ƙofa. Ya sami Yaya a kicin, zaune kan kujera tana juya kaji a mai, ƙafafunta bisa matashi. Tun asuba take kai, in ji 'yarta, an yi an yi ta huta ta ƙi. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce wannan wandon na aro ne ko kuwa matarsa ta daina ɗora tukunya?

Aka baje abinci a falo. Shinkafa, soyayyen dankali, kaji, kek mai hawa biyu. Tulu ya ɗebi ganye da yankan kokwamba ya koma gefe. Surukinsa ya ce a kawo wa akuya ruwa, aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Yawu na cika masa baki yana haɗiyewa.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ture ɗan abincinta marar gishiri, ta ajiye ƙaramin kofin ruwanta mai layin awo a jiki, ta miƙe tana dafa bango. Da hannunta ta cika faranti, cinyoyi biyu a sama, irin yankan da take ɓoye masa tun yana yaro. Ta dire a gabansa.

"Ci."

"Yaya, na ƙoshi."

"Awa shida na yi a kan wutar nan saboda kai. Ban san ko zan sake dafa maka wani ba."

Tulu ya dubi farantin, mai yana naso cikin shinkafa. Cinya ɗaya dai, me za ta ƙara? Amma ya san kansa. Bai taɓa tsayawa a ɗaya ba, gishirin kaɗai ya isa ya riƙe masa ruwa har Talata. Ya tura farantin gaba.

Yaya ta ce to madalla, tunda abincinta ya zama guba, ƙofa a buɗe take. Ya tashi ya fita. A mota ya kifa kai a sitiyari ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, don tunda yake bai taɓa mayar mata da faranti ba.

Litinin ya kira ta sau bakwai, ba ta ɗauka ba. Ya wuni yana tafiya a ƙasa.

Talata da safe ma'aikaciyar jinya ta sa shi ya cire takalmi. Ya hau, ya rufe ido. Ya ji ta tana rubutu, sannan ta ce tamanin da tara da ɗigo takwas.

Likita ya duba takardar, ya sa hannu, ya ce aiki na nan ranar sha biyu ga wata. Sai ya nuna masa ƙofar ɗakin da ke ƙarshen baranda, inda injinan wankin jini ke ƙugi.

"Saura mai wuyar. Tana gado na uku, kuma yau ko gaisuwata ba ta amsa ba. Je ka gaya wa yayarka ƙodar da ta shekara biyu tana jira, taka ce."